Lambobi Huɗun da ke Jikin Tanka: Tambayoyi da Amsoshi kan Dokar Amurka

Duk wanda ya taɓa bin bayan tankar mai ya ga jan allon nan mai zanen harshen wuta a sama, da 3 a can ƙasa, a tsakiya kuma 1203. Da yawa sun ɗauka lambar kamfani ce. 'Yan'uwanmu da suka shiga tuƙin manyan motoci a Amurka kuwa ba sa jimawa suke gane cewa a kan waɗannan lambobi huɗu ake cin direba tara, a kansu kuma ake ajiye mota gefen titi sai an gyara. Dokar tana cikin kundin dokokin tarayya na 49, kashi na 172, hukumar PHMSA ta ma'aikatar sufuri ce ke rubuta ta. Ga tambayoyin da sababbin direbobi suka fi yi mini, da amsar da nake ba su.

Wai mece ce wannan lamba, wa kuma ya raɗa ta?

Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar kaya masu haɗari ne ke raba ta, shi ya sa ake ce mata lambar UN. An kasa kayan gida tara: 1 nakiyoyi da duk abin da ke fashewa, 2 iskar gas, 3 ruwa mai kama wuta, 4 daskararrun abubuwa masu kama wuta, 5 masu ƙara wa wuta ƙarfi, 6 guba, 7 kayan nukiliya, 8 masu cin fata da ƙarfe, 9 kuma tarkacen da bai shiga ko ɗaya ba. Lambar da ke ƙasan allo ta gaya maka dangin kaya, huɗun tsakiya kuma sunan yankansa ne.

Fetur 1203, dizal 1202, kananzir 1223, man jirgin sama 1863, ɗanyen mai 1267, gas ɗin girki 1075, batir ɗin litiyom 3480. Haka suke a Hustan, haka suke a Rotadam, haka suke a Legas. Amurka tana da wasu nata na cikin gida masu farawa da NA, kamar NA1993 da za ka yi ta gani a tankokin dizal. A jikin allo lambobi huɗun kawai ake gani. Haruffan UN ko NA a takardun kaya da jikin duro ake rubuta su.

Ni direba na san abin da na ɗauko, takarda ma tana hannuna. To wa ake rubuta wa?

Ba kai ake rubuta wa ba, ɗan'uwa. Ana rubuta wa mutumin da zai zo ranar da ba ka iya magana, Allah ya kiyaye. Ɗan kwana-kwana ba ya rugawa wajen tankar da ta kife. Yakan tsaya can nesa, ta inda iska ke fitowa, ya ɗaga madubin hangen nesa ya nemi allo. Da ya karanta lamba sai ya buɗe ɗan littafin agajin gaggawa da ake kira ERG, wanda Amurka da Kanada da Meziko suke fitarwa tare duk shekara huɗu, an yi bugu a 2024. Shafuka masu ruwan ɗorawa an jera su bisa lamba. Ya duba 1203, su tura shi jagora ta 128 a shafuka masu ruwan goro, nan zai ga ko a zuba ruwa ko kumfa, da nisan da za a kori jama'a. In 1075 ya gani, jagora ta 115 ce, lissafin kuma ya sake gaba ɗaya.

Takardun da kake taƙama da su suna cikin kan mota, a aljihun ƙofar direba ko kan kujera, kuma can ne wurin da wuta ke hana kowa zuwa. In ka riƙe wannan mutum mai madubi a ranka, duk sauran ƙa'idojin ba sai ka haddace su kamar karatun allo ba. Kowace ɗaya amsa ce ga tambaya guda: zai iya karantawa daga nesa, kuma abin da ya karanta gaskiya ne?

Ta hanya nawa aka yarda a nuna lambar?

Uku. Ta farko a kan allon haɗarin kansa, wato murabba'in nan da aka tsayar a kan tsininsa, wanda kowane gefensa bai gaza milimita 250 ba. Lambar takan zauna a tsakiya, baƙaƙen lambobi masu tsayin milimita 88, a kan farin fili mai tsayin milimita 100 da faɗin wajen 215. In a kan kalmar FLAMMABLE aka liƙa ta, to ta rufe kalmar sosai, kada rabin haruffa su riƙa leƙowa ta gefe.

Ta biyu faranti mai ruwan goro, tsayinsa milimita 160, faɗinsa 400, da baƙin layi na milimita 15 kewaye da shi, lambobin ciki kuma milimita 100. Shi wannan ba ya maye gurbin allo. Inda doka ta ce a sa allo, farantin zai zauna ne kusa da shi, ba allo a gaba faranti can wajen tayar baya ba.

Ta uku farin murabba'i mai siffar allo da girmansa, babu komai a kai sai lambar. Kama ce kawai da allo, doka ba ta lissafa shi a allo.

Kowane lodi ne ke buƙatar lamba a jikin mota?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin sukan haɗa dokar allo da dokar lamba, alhali kowace da ma'auninta. Allo yakan wajaba ga yawancin kaya in nauyinsu ya kai kilo 454, wasu kuma irin su manyan nakiyoyi da gas mai guba ko ƙanƙani ne sai an sa. Lamba kuwa a wurare uku take wajaba.

Na ɗaya, babban mazubi. A wajen ruwa, duk abin da ya fi lita 450, wato galan 119, babban mazubi ne: tanka, da tankin da ake ɗorawa a tirela, har da farin tankin roban nan mai kejin ƙarfe da ke cin lita dubu. In an shigar da irin wannan cikin rufaffiyar tirela ta yadda ba a ganin lambarsa daga waje, sai an maimaita ta a jikin tirelar, gaba da baya da gefe biyu.

Na biyu, ƙananan mazubai irin su durori da jarkoki, amma da sharuɗɗa da sai sun cika duka: kayan iri ɗaya ne mai suna ɗaya da lamba ɗaya, nauyinsu ya kai kilo 4,000, a wuri ɗaya aka yi lodinsu, kuma babu wani kaya a motar, mai haɗari ko marar haɗari. Ka lura da na ƙarshen nan. Durori tamanin na sinadari ɗaya suna buƙatar lamba. A ƙara musu kwalaye biyu na wani kaya daban, wajibcin lambar ya faɗi, allo kawai ya rage. Nakiyoyi da kayan nukiliya ba sa cikin wannan ƙa'ida.

Na uku, gubar da shaƙarta ke kisa, ta rukunin A ko B, wato matakai biyu mafi tsananin haɗari. A nan ma'aunin ya sauko zuwa kilo 1,000 na abu ɗaya da aka loda a wuri ɗaya.

Gefe nawa?

Mazubin da ke cin lita 3,785 ko fiye, wato galan dubu, gefe huɗu: gaba, baya, dama, hagu. Wanda bai kai haka ba, gefe biyu masu kallon juna. Allon gaba an yarda a sa shi a goshin kan mota maimakon gaban tirela. Lambar kuma a kwance za ta zauna, a karanta ta daga hagu zuwa dama, tsani ko bututu ko tamfol bai tare ta ba, ba kuma a inda taya ke watso taɓo ba.

Akwai allon da ba a sa masa lamba?

Akwai. Ba a sa lamba a kan allon RADIOACTIVE, ba a sa ta a kan allon nakiya kowane iri daga 1.1 zuwa 1.6, ba a sa ta a kan allon DANGEROUS. Na ƙarshen nan dalilinsa a fili yake: allo ne na kayan gauraye, lamba ɗaya a kansa ƙarya ce. In ana son nuna lambar kayan nukiliya, sai a ɗora ta a faranti mai ruwan goro a gefen allon. Wannan tsarin Amurka ne. A dokar ƙasa da ƙasa an yarda a rubuta lambar a rabin ƙasa na allon nukiliya, don haka wanda ya san kwantenonin garin yuraniyom na Arlit, mai lamba 2912, kada ya auna dokar Amurka da su.

Sai kuma allon haɗari na biyu. Wasu kaya fuska biyu gare su. Buromin, mai lamba 1744, asalin gidansa na 8 ne, mai cin fata, amma shaƙarsa guba ce, saboda haka allo biyu yake ɗauka. Lambar a kan allon gida na 8 za ta hau, ba a kan na guba ba, ko da kuwa gubar ce ta fi ba ka tsoro.

Na ɗauko kaya biyu, duka 'yan gida na 3, amma lambarsu daban. In sa allo mai lambar wanda ya fi yawa?

Kada ka yi. Allo mai lamba ba ya cika maka sharaɗin allo sai in lambar ta dace da duk kayan wannan gida da ke cikin motar. In akwai 1993 a babban tanki da kuma durorin asiton masu lamba 1090, allon da aka rubuta wa 1993 kaɗai yana cewa ne babu wani ɗan gida na 3 a ciki, kuma ba haka ba ne. Mafita mai sauƙi ita ce allo marar lamba, sannan lambar da ta wajaba ta zauna a faranti mai ruwan goro kusa da shi.

Tankar da aka raba ɗaki-ɗaki fa?

In kowane ɗaki da irin kayansa, ba dole ba ne a sa lamba a gaba da baya, amma a gefe biyu sai lambobin sun bi jerin ɗakunan: lambar ɗakin gaba a gaba, ta na tsakiya a tsakiya, ta na baya a baya. Mai kashe wuta ya ga inda ruwa ke zuba, ya ɗaga ido ya ga lambar da ke saitin wurin.

Masu jigilar mai zuwa gidajen mai an yi musu sassauci. In ɗakunan duka man fetur ne da danginsa, misali fetur a uku, dizal a ɗaya, lamba ɗaya ta isa, amma ta wanda ya fi saurin kama wuta. Tururin fetur yakan kama wuta tun a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, dizal kuwa sai ya haura digiri 50 a ma'aunin Celsius, don haka 1203 ce ke hawa. Hikimar ita ce gara mai agaji ya yi shirin damisa ya tarar da kyanwa. Sai dai fetur ɗin da aka gauraya da barasar masara fiye da kashi 10 cikin ɗari, kamar E85, ba ya fakewa a bayan 1203. Tasa lambar, 3475, sai ta fito, domin kumfar da ke kashe wutar fetur ba lallai ta yi aiki a kansa ba. Tankar da fetur kaɗai take ɗauka kuma tana iya wadatuwa da kalmar GASOLINE a gefe biyu da baya, haruffan kada su gaza milimita 50.

Alhakin wa ne, mai kaya ko direba?

Mai kaya ne zai ba da allo da lambar da ta dace kafin lodi ko lokacin lodi. Amma doka ta kuma hana mai jigila motsa tanka in ba a sa mata lambar ba. Kowa da nasa kason, sai dai kai ne jami'i zai tarar a bakin hanya.

Ni ma na sha wannan. Tankar da nake ja tana da allon ƙarfe irin wanda ake juya lambobinsa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Na sauke asid mai lamba 1830, aka wanke tankar, washegari da asuba cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa na je wata masana'anta aka loda mini ruwan soda mai cin fata, 1824. Na juya na dama, na juya na hagu, na juya na baya. Na gaba, wanda ke maƙale tsakanin kan mota da tanka, na mance da shi sam. Duka biyun 'yan gida na 8 ne, allonsu iri ɗaya, fari a sama baƙi a ƙasa, ido ba ya kama bambancin in ba an tsaya an karanta ba. A wurin awon motoci jami'i ya karɓi takarduna, ya zaga motar a hankali, ya tsaya a gaba ya daɗe, sannan ya yafito ni. Ya nuna takarda, ya nuna allo, ya ce wanne zai gaskata. Ban da abin cewa. Na hau na juya lambobi biyu, aikin da bai kai minti ɗaya ba, amma laifin ya riga ya shiga takarda, ya bi ni ya bi kamfanin.

Na ji haushi a ranar, daga baya na duba littafin. 1830 jagora ta 137 take kai mutum, ta abubuwan da ke tafasa in ruwa ya taɓa su. 1824 kuma ta 154. Da tankar ta kife ta fuskar da wannan allo kaɗai ake gani, da na aika 'yan kwana-kwana shafin da ba nasu ba. Tun daga ranar, da takarda a hannu nake zaga mota, ina karanta kowane allo da baki kamar mai bitar hadda.

Na sauke kaya, tanka ta zama fanko. In cire allon?

Tankar da aka sauke ba fanko ba ce, cike take da tururi, kuma tururin ne ke fashewa. Allo da lamba suna nan daram sai an wanke ta an kore tururin, ko an zuba mata wani kaya mai buƙatar wani allo. Bayan an wanke kuma dole a cire ko a rufe, domin nuna lambar abin da ba ya cikin mota shi ma laifi ne.

Iska ta fizge allon a hanya, ina tsakiyar daji. Yaya zan yi?

In fiye da ɗaya ne suka ɓace ko suka lalace, doka ta ce a maye gurbinsu da zarar an samu dama, ta kuma yarda a rubuta lambar da hannu, da alƙalamin da rubutunsa ba ya gogewa, a cikin farin filin da aka tanada, yadda za a iya karantawa. Wannan sassaucin na lamba ne kawai. Allon kansa in ya wajaba, sai an mayar da shi. Tsofaffin direbobi shi ya sa ba sa rabuwa da 'yan allunan da ba a rubuta wa komai ba, da baƙar maka mai kauri, a bayan kujera.

Zan iya ƙara sunan kamfani ko 'yar addu'a a kan allon?

Mu da muka taso muna karanta hikimomi a jikin gingimari, hannunmu yana ƙaiƙayi in mun ga fili. Amma a nan an hana ƙara launi ko harafi ko alama ko kalma a kan wurin lamba, in ba abin da doka ta ambata ba. Talla da sauran rubutu su nisanci allo da aƙalla milimita 76. An ma hana saka wani take mai kama da allo a cikin maƙalarsa, ko da na jan kunne a yi tuƙi a hankali ne. Addu'arka ka liƙa ta a cikin kan mota, inda kai za ka riƙa gani.

An ce gida na 9 ba ya buƙatar allo a cikin Amurka. Gaskiya ne?

Gaskiya ne ga safarar cikin gida. Amma in babban mazubi ne, lambar tana nan, a kan allon gida na 9 ko faranti mai ruwan goro ko farin murabba'i. Irin su 3082, lambar ruwa mai gurɓata muhalli, a nan ake yawan mantawa da su.

A Turai na ga faranti mai lamba biyu, 33 a sama 1203 a ƙasa. Wannan fa?

Tsarin yarjejeniyar ADR ne, wadda aka ƙulla a Janiba a 1957. Farantinsu ya fi girma, santimita 40 a 30, an raba shi biyu. Ƙasa lambar UN ce, sama kuma lambar nau'in haɗari: 3 ruwa mai kama wuta, in aka ninka ta zama 33 to mai tsananin kamawa ne, shi ya sa fetur 33, dizal 30, gas ɗin girki 23. In X ta gabaci lambar, kayan ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. Sun kuma shar'anta cewa lambobin su karantu ko da farantin ya yi minti 15 a cikin wuta, abin da ni a ganina ya fi allon roba ko na takarda da ake yawan liƙawa a Amurka. Najeriya ta shiga wannan yarjejeniya a 2018, don haka direban da ke lodi a daffo a gida, tsarin faranti mai hawa biyu ne ya fi shafarsa, ba na Amurka ba. Lambobi huɗun ƙasa dai ɗaya ne.

Ni ba direba ba ne. In na ga tanka ta kife, me lambar za ta amfana mini?

Ka karanta ta daga nesa, ka faɗa wa wanda ka kira a waya, domin ita ce abu na farko da zai so ji. Sannan ka ja da baya ta inda iska ke fitowa, ka guji gangare da kwata.

A Majiya ta jihar Jigawa, a daren 15 ga Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka rasu a gobarar tankar da ta kife, kamar yadda gommai suka rasu kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019. Allah ya jiƙansu. Ba rashin allo ne ya jawo ba, kowa a wurin ya san fetur ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe cikin lambatu da kwari har ya tarar da wuta a inda ba a zata ba, wutar kuma ta biyo shi ta dawo. Ga 1203, littafin agaji ya ce a kori kowa aƙalla mita 50 tun mai yana zuba kawai, in kuma wuta ta kama tankar, mita 800 ta kowace fuska, kusan tsawon filin ƙwallo takwas ke nan. Ga 1075, mita 100 tun gas yana fita, in ta kama wuta kuma mita 1,600.